Wayar Hannu Ta Iya Tara Jama'a, Saura Ta Iya Riƙe Su

A ran 1 ga watan Nuwamba na 2024 aka gurfanar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ana tuhumarsu da laifin cin amanar ƙasa da neman ta da tarzoma, saboda an ce da hannunsu cikin zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a watan Agusta na shekarar. Da yawa daga cikinsu yara ne waɗanda ko gemu bai tsiro musu ba, an kamo su daga Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, sun kuwa yi kusan wata uku a tsare. Ana cikin zaman kotu sai huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi. Mutanen da ke wurin suka ɗauki hoton abin da wayoyinsu na hannu, kafin rana ta faɗi hoton nan ya gama ƙasa. Hukumar 'yan sanda ta ce faɗuwar shiri ce, amma duk wanda ya ga haƙarƙarin yaran nan bai saurari wannan bayani ba. Alƙali ya ba da belin kowane ɗaya a kan Naira miliyan 10, kuɗin da iyayensu ko a mafarki ba su taɓa riƙewa ba. Ba a kai ga biya ba, gama a ran 4 ga wata Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umurni a sake su, kashegari kuma Mataimakinsa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati, ya danƙa su ga gwamnoninsu.

Watau abin da ya gagara cikin wata uku, hoton minti biyu ya yi shi cikin kwana uku. Wannan shi ne ƙarfin kafofin sada zumunta na intanet, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok da X, wadda a da a ke kira Twitter. Amma a cikin wannan labari ne kuma iyakar ƙarfin nasu ta fito fili. An saki yara, hankali ya kwanta, jama'a sun koma kan wani zance. Tambayar wanda ya sa aka tsare yara tare da manya, da wanda ya bar su da yunwa, ta bi iska. Tsadar da ta fito da su kan titi kuwa, sakin nasu bai taɓa ta ba.

INDA AKA FARO

Ba yau mutanen ƙasar nan suka fara tashi neman haƙƙinsu ba. A 1945 ma'aikata sun yi yajin aiki na kwana 44 a ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, jaridar West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe ce kuwa bakinsu. A Kano, tun daga 1950, 'yan jam'iyyar NEPU sun kai saƙonsu lungu-lungu a kan keke da ƙafa, ta hanyar lacca da waƙa da taron dare, ana kama su ana ɗaurewa. Saƙo a lokacin yana tafiya a hankali, amma duk inda ya isa sai ya bar reshen jam'iyya, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji mai karɓar kuɗin kati.

Abin ya soma sakewa ne a watan Agusta na 2001, sa'ad da kamfanonin wayar salula suka fara aiki. Kafin nan layukan waya da ke ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, suna kuwa hannun ofisoshin gwamnati da attajirai. Cikin shekara ashirin waya ta shiga aljihun mai shayi da ɗan acaɓa da ɗalibi. Abin da a da sai mai gidan jarida ko gidan rediyo ke iya yi, watau ya yi magana mutum dubu su ji a lokaci guda, ya zama kowa na iya yinsa daga bakin shagonsa.

An fara ganin amfanin haka sosai a watan Janairu na 2012. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur ranar sabuwar shekara, lita ta tashi daga N65 zuwa N141. Matasa suka yi ta kiran juna ta Facebook da Twitter da BlackBerry, dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota a Ikko ya cika ya batse, haka kuma shataletalen Silver Jubilee a Kano. Amma a tuna, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ne suka kira yajin aiki a ran 9 ga wata, su ne kuma suka zauna da gwamnati, har a ran 16 ga wata aka mayar da lita N97. Matasa da yawa sun zargi shugabannin ƙwadago da sayar da su. Duk da haka an tashi da wani abu a hannu, domin akwai wanda zai zauna ya yi ciniki da sunan jama'a.

Shekara biyu bayan haka, a ran 14 ga watan Afrilu na 2014, 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a Jihar Borno. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa, har wasu na kusa da ita suna musun cewa an saci kowa. Kiran da aka yi ta yaɗawa a Twitter, na cewa a dawo da 'yan matan, shi ya fasa wannan shiru, har matar Shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga allo mai ɗauke da kiran. Duniya ta yi magana na 'yan makonni, sa'an nan ta juya. Waɗanda suka riƙe zancen su ne 'yan tsirarun mutanen da suka dinga zaman dirshan a dandalin Unity Fountain na Abuja, rana da ruwa, irin su Oby Ezekwesili da Hadiza Bala Usman da Aisha Yesufu. An sako 21 a watan Oktoba na 2016, da 82 a watan Mayu na 2017. Amma a 2024, da aka cika shekara 10, fiye da 80 ba su dawo gida ba.

DARASIN OKTOBA NA 2020

Babu inda ƙarfin waya da rauninta suka bayyana tare kamar a zanga-zangar EndSARS. Rundunar SARS, wadda aka kafa a 1992 don yaƙi da 'yan fashi, ta daɗe da yin ƙaurin suna wajen tare matasa a hanya, da binciken wayoyinsu, da ƙwace musu kuɗi, da azabtarwa. Tun 2017 a ke kuka da ita a intanet, hukuma kuwa ta yi alkawarin gyara fiye da sau ɗaya ba a ga kome ba. A farkon watan Oktoba na 2020 wani hoton bidiyo daga Ughelli a Jihar Delta ya sake hura wutar, cikin mako guda titunan Ikko da Abuja da Ibadan da Benin da Fatakwal suka cika.

Yadda aka gudanar da abin ya ba manya mamaki. Ta waya aka riƙa sanar da wurin taro, ta waya aka nemo lauyoyi ga wanda aka kama, da likita ga wanda ya ji rauni, da abinci ga wanda ya kwana a titi. Wata ƙungiyar mata, Feminist Coalition, ta tara kusan Naira miliyan 148, tana kuwa buga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowa ya gani. Da hanyar banki ta toshe, sai aka koma karɓar gudummawa da kuɗin intanet na Bitcoin. A ran 11 ga wata Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Adamu, ya ba da sanarwar rushe SARS.

A nan ne aka zo mararraba. Masu zanga-zanga sun gabatar da bukatu biyar: a saki waɗanda aka kama, a bi kadin waɗanda aka kashe a biya iyalansu diyya, a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki laifin 'yan sanda, a duba lafiyar ƙwaƙwalwar jami'an SARS a sake horar da su kafin a ba su wani aiki, a kuma ƙara wa 'yan sanda albashi. Gwamnati ta ce ta amince. Amma sanarwar kafa wata runduna mai suna SWAT kwana biyu bayan rushe SARS ta sa matasa suka ga an sake wa tuwo suna ne kawai. Suka ƙi barin titi, suka kuma ƙi naɗa shugabanni, domin sun tuna 2012, suna tsoron duk wanda aka naɗa za a saye shi ko a kama shi. Tsoron nan yana da dalili. Sai dai taron da ba shi da shugaba ba shi da mai cewa a tsaya nan, ba shi da mai sa hannu a kan yarjejeniya, ba shi kuma da mai hana ɓata-gari shiga rigarsa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A daren 20 ga watan Oktoba sojoji suka buɗe wuta a ƙofar karɓar harajin hanya ta Lekki, wata mawaƙiya da a ke kira DJ Switch tana nuna abin kai tsaye a Instagram dubban mutane na kallo. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 12 a Lekki da Alausa. Gwamnatin Tarayya ta musa. Kwamitin bincike na Jihar Ikko, a ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya ce a rahotonsa na Nuwamba 2021 abin da ya faru ya kai a kira shi kisan kiyashi, gwamnatin jihar kuwa ta ƙi karɓar wannan sashe. A watan Yuli na 2024 kotun ECOWAS ta yanke cewa an keta haƙƙin masu zanga-zangar. Ba don wayar hannu ba, da ba a sami ko abin yin musu a kansa ba. Amma kwanakin da suka biyo bayan harbin sun ga ƙone motocin bas na gwamnati da ofisoshin 'yan sanda, da fasa rumbunan kayan tallafin annobar korona a jihohi da dama. Babban Bankin Nijeriya kuma ya samo izinin kotu ya rufe asusun banki 20 da aka danganta da tafiyar. Wayar da ta tara jama'a cikin mako guda ba ta bar wata ƙungiya da za ta bi kan rahotannin kwamitocin bincike na jihohi ba, don haka yawancinsu suna nan cikin durowa.

WADDA TA YI NASARA

A gwada wannan da yaƙin rage shekarun tsayawa takara. Shi ma a intanet ya yi suna, amma masu shi, ƙungiyar YIAGA ta Samson Itodo da abokan aikinta, ba su tsaya nan ba. Sun samo wanda zai gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai, watau Tony Nwulu, da kuma Abdul-Aziz Nyako a Majalisar Dattawa. Da ya ke gyaran tsarin mulki na bukatar amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, sai suka kafa wakilai a jihohi, suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, suna buga sunan wanda ya yarda da wanda ya ƙi. Aikin ya ɗauki shekara biyu. A ran 31 ga watan Mayu na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu, shekarun takarar Shugaban Ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Wannan tafiya ba ta tara ko kashi ɗaya cikin goma na mutanen da EndSARS ta tara ba, amma abin da ta samo yana rubuce cikin tsarin mulki. Bambancin shi ne, bukatarsu ɗaya ce tak, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, suna kuma da mutanen da za su koma gobe da jibi.

Zaɓen 2023 ya ƙara nuna haka. Wanda ya bi ta intanet a lokacin zai ɗauka kowane baligi zai fita. Lallai magoya bayan Peter Obi sun ba da mamaki, ya sami ƙuri'a miliyan 6.1, har ya kayar da Tinubu a Jihar Ikko. Amma daga cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, watau wajen kashi 27 cikin 100, mafi ƙanƙanta tun 1999. Shafin IReV da hukumar zaɓe ta yi alkawarin za a riƙa ganin sakamakon kowace rumfa a cikinsa nan take ya gaza a zaɓen Shugaban Ƙasa. Da abin ya zo haka, sai ya zama jam'iyyar da ke da wakili a kowace rumfa, riƙe da takardar sakamako mai sa hannu, ita ke da hujja a kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

KUDU DA AREWA

Akwai kuma wata ɓaraka da waya ba ta ɗinke ba. A 2020, sa'ad da Kudu ke kuka da SARS, Ƙungiyar Gwamnonin Arewa ta ce ita rundunar na yi mata amfani, matasan Arewa da yawa kuma suka ce su damuwarsu 'yan bindiga ce da satar mutane a Zamfara da Katsina da Kaduna, wadda Ikko ba ta yi wa kuka ba. A watan Agusta na 2024 sai abin ya juya. Bayan janye tallafin mai a ran 29 ga Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N600, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 a watan Yuni na 2024. Da aka kira zanga-zangar kwana goma, Arewa ce ta fi fita, duk da wa'azin da malamai da dama suka yi na kada a fita. A Kano an fasa wata cibiyar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, an ga tutar Rasha a hannun yara, an sa dokar hana fita a jihohi da dama. Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musa.

Dalili ɗaya shi ne ba a dandali guda a ke hira ba. Ɗan boko na Ikko da Abuja yana rubutu da Turanci a X. Matashin Kano da Gusau ya fi jin saƙon murya a WhatsApp, da bidiyon Hausa a TikTok da Facebook, da rediyo. Kowane ɓangare yana jin muryar kansa da ƙarfi, sai ya ɗauka muryar ƙasa ce duka. Ga shi kuwa kafofin nan sun fi tura wa mutum abin da zai harzuƙa shi, gama da haka su ke riƙe shi su sayar da talla. Ƙarya kuma ta fi gaskiya sauri a kansu. A 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon waya ya sa dubban mutane wanka da ruwan gishiri da shansa, har wasu suka kwanta asibiti. A 2018 jita-jitar cewa Buhari ya mutu an sako wani Jibril daga Sudan ta yi ƙarfin da sai da shi da kansa ya fito ya ƙaryata a ƙasar Poland.

HANNUN HUKUMA

Maganin da hukuma ta fi saurin ɗauka shi ne toshe baki. A watan Yuni na 2021, kwana biyu bayan Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta dakatar da kamfanin, abin dariya kuma a Twitter ɗin aka ba da sanarwar. An yi kwana 222 kafin a buɗe a ran 13 ga Janairu na 2022. Matasa sun bi ta bayan gida da manhajar VPN sun ci gaba da hirarsu, ƙananan 'yan kasuwa masu talla a can su suka yi asara, kotun ECOWAS kuma ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna don a karya 'yan bindiga. 'Yan bindiga ba su ƙare ba, mutanen ƙauye kuwa sun yi makonni ba su da hanyar kiran agaji. An sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 saboda abin da suka rubuta, har sai da aka yi wa sashen kwaskwarima a 2024. Masu dogon tunani za su tuna Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Ba ta hana gwamnatin da ta kafa ta faɗuwa a shekara mai zuwa ba.

Saboda haka ya kamata gwamnati ta ɗauki kukan da a ke yi a intanet a matsayin rahoto na kyauta, ta amsa shi tun yana kan waya kafin ya sauko titi. SARS ta yi shekara uku ana kuka da ita kafin 2020, yunwar 2024 kuma ba a ɓoye ta ke ba. Ta fito da rahotannin kwamitocin bincike ta aikata abin da suka ce, gama hukunta jami'i ɗaya da ya yi harbi ya fi kowace dokar hana zagi kwantar da hankalin jama'a.

Su kuma matasa, aikin da ke gabansu ya fi na riƙe waya wuya. Su tsai da bukata guda su san ofishin da ke da ikon biyanta. Su zaɓi wakilai a fili, su kafa musu sharaɗi, su sauke wanda ya ci amana, maimakon su ƙi shugabanci ɗungurungum. Su shiga jam'iyyu da ƙungiyoyin unguwa da na sana'a, su halarci zaman jin ra'ayin jama'a na majalisa, su bi kuɗin da ke shiga ƙaramar hukumarsu wata-wata. Ɗan Ikko ya juya saƙonsa zuwa Hausa, ɗan Kano ya nemi abokin tafiya a Enugu da Ibadan, kowa kuma ya tantance saƙo kafin ya tura shi gaba. Masu mulki sun riga sun gane cewa fushin intanet mako biyu ya ke yi, sun kuma koyi jira. Ranar da suka ga waɗanda suka yi ihu a waya sun dawo da takarda a hannu bayan wata shida, suna tambayar ina aka kwana, ranar ce za su fara jin tsoron talaka.